Gaisuwa a Tsakiyar Hanyar Makurɗi

Shekarar da motocin riɗi suka yawaita tsakanin Makurɗi da Lafiya, Malam Ushahemba ya gano ɗalibansa sun yi tarbiyya har ta yi yawa. Yaro zai dubi dama, ya dubi hagu, ya sake duban dama yadda aka koya masa. Yana kaiwa tsakiyar hanya sai ya hango babba, ya durƙusa nan take. Mai keke kuwa ya diro ya gaisar, keken ya ci gaba da tafiya shi kaɗai.

Malam ya kafa doka: ba gaisuwa sai an tsallake.

Ba a jima ba Iya Dijatu mai ƙosai ta iso makarantar, dattawan unguwarsu ta Bukan Sidi na biye da ita. Jikarta Zuwairatu ce ta wuce ta a kan hanya, kai a miƙe.

"Malam, boko ne ya ce a wuce kaka kamar kututture?"

"Iya, mota ba ta san kaka ba."

"Shi direban daga sama ya faɗo?"

Ta ce gobe kowa zai cire ɗansa daga makarantar. Malam ya dubi ajin da ya sha bin gida-gida kafin ya tara.

"Iya, a tsakiyar hanya wace irin gaisuwa kike samu?"

"Guntuwa. Kafin ta kai kan gajiya mota ta yi oda."

"To in ta tsallake, cikakkiya za ta yi miki: kwana, gajiya, gida, kasuwa, har awaki. Sannan ta maimaita, ladan jira."

Dattawa suka dubi juna. Aka yarda a gwada.

Washegari Zuwairatu ta duba, ta tsallake, ta durƙusa a gindin mangwaro. Iya Dijatu ta riƙa amsawa a hankali, kamar mai cin nama ranar salla.

Kafin mako ya ƙare, dattawa sun jera kujeru a bakin hanya ta ɓangaren makaranta. Duk yaron da ya fara lanƙwasa gwiwa a tsakiya, sai su taso masa gaba ɗaya.

"Kai, ɗan nema! Tsallako tukuna, kada ka rage mini rabona!"

Ba wanda ya cire ɗansa. Sai dai yanzu kowa a makare yake shiga aji, ya gaisa har ya ƙoshi. Malam Ushahemba ya jinkirta buga ƙararrawa.