Tattabarun Saman Bene

"To, mu yi ta ta ƙare," in ji Mai Bene. "Ka ba ni rufi, in ba ka wuta."

Baba Direba na zaune a bakin gado, siririyar roba a hancinsa, na'urar numfashi na ta gurnani a gefensa kamar kyanwar da ta ƙoshi.

"Wutar da ba ta ɗaukewa?"

"Ko garin nan kaf ya yi duhu, soket ɗinka na nan da ransa. Layinka daban zan sa a ja maka daga batir."

Abin da ya kawo wannan ciniki shi ne, hukumar gari ta fito da sabon tsari. Duk mai gidan hayar da ya sa farantan sola a rufinsa, za a ɗauke masa wani kaso na kuɗin aikin, a kuma sassauta masa haraji. Sharaɗin dai rufi ya zama fili fetal, kuma jami'ai za su riƙa leƙowa su ga ko farantan na ba da wutar da ta kamata. Mai Bene kuwa mutum ne da ba ya ganin banza ya ƙyale. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne akurkin tattabarun Baba Direba, wanda ya cinye rabin rufin tun kafin a yi wa gidan fentin farko.

Shi Baba Direba tsohon ɗan haya ne a ɗakin ƙasa. Ƙuruciyarsa duk a kan sitiyarin bas ta ƙare, irin tsofaffin nan masu tusar baƙin hayaƙi. Da hukuma ta kawo bas masu lantarki ta hana tsofaffin shiga gari, sai aka sallame shi da takardar yabo da tari. Yakan ce, "Sai da na shanye mummunar iskar tas, sannan suka gyara ta." Yanzu huhun ya gaji. In an ɗauke wuta na'ura ta tsaya, sai 'yarsa, wadda tela ce, ta bar ɗinki ta zo ta yi ta yi masa fifita, idanunta a kan ƙirjinsa.

"Baba, ka karɓa mana," in ji 'yar daga bakin ƙofa. "Tsuntsu ne zai yi maka numfashi?"

"Ke kin fi shi iya ciniki," ya ce da ita. Sannan ya miƙa wa Mai Bene hannu. "Na yarda. Zan aika da su wurin tsohon kwandastana a bayan gari. Amma fa ka sani, da ni ka yi yarjejeniya. Tattabara ba ta sa hannu ba."

"Mai haɗa sola ya ce kashinsu na kashe faranti. In na ga ko ɗaya a saman nan, masu raga zan kira su kwashe su, inda za su kai su kuma ba ruwana."

"Na ji."

Aka rushe akurki, aka jera farantai suna ta ƙyalli. Wani jami'i ya zo da mai ɗaukar hoto, aka tsayar da Mai Bene a tsakiya aka ce ya yi murmushi. Alƙawari kuma ya cika. Ranar farko da unguwa ta yi tsit, injin niƙa ya mutu, fankoki suka tsaya, na'urar Baba Direba ko tari ba ta yi ba. 'Yar ta hau sama har ɗakin Mai Bene ta durƙusa ta yi godiya, shi kuma ya ji kansa ya yi girma, don ba kullum ake samun riba da lada a kwano ɗaya ba.

Mai Bene ba mai son hawa rufi ba ne, gwiwa ta hana. Akwatin da ke nuna ƙarfin wuta na nan a ƙasan matakala, kullum lambobinsa lafiya lau. Amma wanda ya tsufa yana bin 'yan haya ya iya karanta gida kamar yadda likita ke karanta fuska. Ya fara ganin ƙwayar hatsi a kan matakala. Sai gashin tsuntsu a lungu. Sai kuma wata 'yar kujera ta bayyana a kwanar hawa na farko, wani tsohon bokiti a kife a kwanar na biyu, irin wuraren da mutum zai zauna ya huta.

Wata safiya, bayan tela ta tafi shago, ya ja gwiwarsa ya hau.

Tattabarun na nan, kusan duka, sun yi sheƙa a inuwar ƙarƙashin farantai kamar don su aka kafa. Baba Direba na tsaye a tsakiyarsu, babu roba a hanci, riƙe da doguwar sandar nan mai soso a baki da a da yake wanke gilashin bas da ita. Yana gogawa daga sama zuwa ƙasa, ya tsaya ya ja numfashi, ya sake gogawa. Leɓunansa sun yi launin toka.

"Baba Direba! Ashe haka muka yi da kai?"

Tsohon bai firgita ba. Ya jingina da sandar. "Na kai su. Sun riga motar da ta kai su dawowa." Ya yi tari. "Na sake aikawa, suka sake dawowa. Ni ma da za a kai ni bayan gari, nan zan dawo."

"Ka san abin da na ce."

"Ka ce kashinsu na kashe faranti. Duba mini ɗaya da ya mutu."

Mai Bene ya duba. Farantan sun fi ranar da aka kafa su haske, har yana ganin furfurarsa a ciki.

"Shekaru ina wanke gilashi kafin fasinja na farko ya shiga," in ji Baba Direba. "Ba a taɓa kama motata da datti ba. Ka bar su, Mai Bene. Su kaɗai ne suka rage da ke gane ni daga nesa."

A nan ne magana ta zo wa Mai Bene har bakinsa. Ya so ya ce, sauka ka koma kan na'urarka, tsuntsu su zauna, ni zan nemo mai wankewa. Amma kan ɗan kasuwa ya riga bakinsa gudu. Mai wankewa sai an biya shi. In kuma ya furta cewa ya yarda, gobe mai kaji a hawa na biyu ma zai zo da tasa. Ga farantai fes, ga jami'ai na yabo, ga shi bai ce komai ba.

Sai ya juya ya kalli sararin sama. "Ni dai ban hau nan yau ba," ya ce. "Muddin lambobin akwatin can ba su sauka ba, ban ga komai ba."

Baba Direba ya yi 'yar dariya wadda ta ƙare da tari. "Wannan ciniki na biyu ke nan."

"Ni ban san da wani ciniki ba."

Haka aka ci gaba. Kullum da hantsi Mai Bene na jin takun tsohon ta bayan ƙofarsa, taku biyu, hutu, taku biyu, hutu, sandar na bugun bango. Hutun ya riƙa tsawo. Kujera ta uku ta bayyana. Wani lokaci Mai Bene yakan kai hannu ga mariƙin ƙofa, sai ya tuna yana da abin yi a ciki.

Ranar da abin ya faru, takun saukowa ne bai ji ba. Ya jira har shayinsa ya huce. Da ya buɗe ƙofa sai ya ga Baba Direba a kwanar matakala, zaune a kan kifaffen bokitin, kansa jingine da bango, sandar a kan cinyarsa, soson na ɗiga ruwa a kan takalminsa. Kamar direban da ya faka mota yana jiran fasinja.

Maƙwabta suka taimaka aka sauko da shi. A ɗakinsa na'urar na ta gurnaninta, robar na kwance a kan matashin kai tana hura iska a banza. Aka kira tela daga shago, ta shigo da zare manne a rigarta. Ba ta yi ihu ba. Ta kashe na'urar, ɗakin ya yi shiru, sannan ta juyo.

"Kawu, wuta fa akwai. Yau ko ƙiftawa ba ta yi ba. Me ya kai shi sama?"

Mai Bene, wanda bai taɓa rasa amsar ɗan haya ba, ya kauce wa tambayar. "Allah ya jiƙansa," ya ce. "Mutumin kirki ne."

Ta kalle shi, ta ce amin.

Bayan an share makoki ta tattara kayansu ta koma kusa da shagonta. Sandar kaɗai ta bari a bayan ƙofa, ta ce ba ta da abin yi da ita.

In ana lissafin wanda ya ci da wanda aka ci, hukuma ta samu hotonta, yana nan manne a ofishinsu. 'Yan haya sun samu wuta. Mai Bene ya samu sassaucin haraji da ɗakin ƙasa da ya ba wani sabo a farashi mai kyau. Tela ta rasa uba. Baba Direba ya sayi numfashi da tattabarunsa, ya koma ya fanshe su da shi.

Masu raga dai ba a kira su ba har yau. Da hantsi, in ka bi ta layin ka ɗaga kai, za ka ga wani dattijo mai ɗingishi a saman benen yana goga faranti da doguwar sanda, bai ma iya riƙe ta daidai ba. Tattabarun na jere a kan katanga can nesa da shi, suna jira ya gama ya sauka kafin su taɓa hatsin.