Adakar Kassim a Hanyar Yeji

Duk unguwarmu ta Aboabo a Kumasi babu wanda ya taɓa kiran motar maigidana da sunan mota. Adaka suke ce mata, kuma tsakani da Allah ba su yi mata ƙarya ba. 'Yar mitsitsiya ce, fentinta ya koɗe har ba ka iya rantsewa ko shuɗiya ce ko ruwan toka, ga wata ƙofa a baya da ake ɗagawa sama kamar murfin akwati. Giyarta ma ba a ƙasa take ba, daga gaba ta fito kamar mariƙin lema. Maigidan nawa, Kassim, tela ne a unguwar Adum. Ya saye ta da araha a hannun wani mai fataucin shanu daga ƙasar Mosi, mutumin da na tabbata har yau in ya tuna cinikin sai ya yi dariya.

Ba tsufanta ne ya fi ba ni haushi ba. A ƙasar Mosi hannun dama ake bi, mu kuwa a Ghana a lokacin hagu muke bi. Saboda haka sitiyarin Adaka ya faɗo ta gefen kwata. Kassim yana tuƙi yana gaisawa da masu tallan bakin titi, wanda ke zaune kusa da shi kuma shi ne a tsakiyar hanya. A cikin gari babu damuwa. Amma in aka fita babbar hanya, lori ya shiga gabansa, to Kassim ba ya ganin komai sai bayan lorin. Dole na kusa da shi ya leƙa ya ce masa wuce, ko dakata. Ni Zuleha nake wannan aiki tun ranar da motar ta shigo gidanmu, har matan unguwa suna min tsiya wai na zama karen motar mijina.

A ƙarshen 1969 gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da izinin zama ya bar ƙasa. Zongo, unguwanninmu na baƙi, ya rikice. Mutanen da muka tashi tare, muka yi makarantar allo tare, sai ka ga sun ɗaure tabarmi da tukwane suna hawa lori. Kawuna Boukari yana cikinsu, don shi a Dosso ta Nijar aka haife shi, da girmansa ya zo Kumasi. Mahaifiyata, Mma Azumi, ubansu ɗaya da shi, amma ita a nan aka haife ta, a nan ta tsufa tana sayar da koko da ƙosai, ko hanyar Dosso ba ta sani ba. Shi ya sa ban taɓa kawo komai a raina game da ita ba.

Wata safiya na ɗauki kwanona na tafi karɓar koko, na tarar da murhu a sanyaye, ɗakin Mma a buɗe babu ko tsintsiya. Maƙwabciyarta ta fito tana share ido da bakin zane.

"Sun tafi tun asuba da Boukari, a lorin Nijar. Ta ce kar a faɗa miki sai sun yi nisa. Ta ji wai ɗan baƙo ma baƙo ne, kuma duk gidan da aka samu baƙo, polis za su kama maigidan. Ta san in kun ji za ku ɗauke ta gidanku, ba ta so ta ja wa mijinki."

Na yar da kwanon a wurin. Haushi ne ya fara zuwa min kafin kuka. Mace ta haife ka, ta raine ka, sa'annan ta tattara ta bar ƙasa ko sallama babu, wai don tana tausayinka! Ga shi ina da ƙaramin ciki na fari wanda kunya ta hana ni faɗa mata.

Kassim na jin labari ya ajiye almakashi. Ya ce duk lorin da zai yi arewa sai ya tsaya a Yeji ya jira jirgin fito ya haye da shi ruwa, kuma a kwanakin nan layi ake yi mai tsawo. In muka same su a wannan gaɓar, da sauran magana. In sun haye, shi ke nan, Adaka ba za ta iya bin su har iyaka ba.

Sai dai samun ta daban, juyo da ita daban. Kassim suruki ne, ko idonta ba ya iya kallo balle ya yi jayayya da ita. Ni kuma 'ya ce, in ta ce min koma gida, komawa zan yi ina kuka. Ana bukatar babba wanda zai yi mata magana ta ji nauyi. Muka biya Tsohon Zongo muka ɗauki Baba Sumaila, yayan mahaifin Kassim, dattijon da ko liman yakan rage murya in yana wuri.

Baba ya fito da babbar riga da rawani, ya laluba ya buɗe ƙofar gaba, ya yi bisimilla ya zauna. Ina kuma zai zauna? Babba ne. Ni da Kassim muka kalli juna ta saman motar. Duk Zongo an san idon Baba ya yi yana, an san ya taɓa tsayawa ya yi wa turmi sallama a ƙofar gida, amma babu mahaluƙin da ya taɓa furta wannan a gabansa. Na buɗe baki, Kassim ya zare min ido. Na shige baya na zauna tare da galan ɗin ruwa da tayar safaya.

Har muka fita gari lafiya lau. A hawan Mampong Adaka ta yi ta nishi a giya ɗaya, mai keke ma da zai iya rakiyarmu, amma ta hau. Muna sauka kan shimfiɗaɗɗiyar hanya sai ga lorin gishiri a gabanmu, ya cika titi, yana tafiya kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa, yana feso mana baƙin hayaƙi. Muka bi shi. Muka yi ta bin shi. Rana tana ɗagawa, ni kuma ina ganin Mma a raina tana taka jirgi.

Baba ya gyara zama ya ce, "Kai Kassim, bayan lorin nan za mu kwana ne?"

"Baba, ba na ganin gaba ne. Sai na kusa da ni ya duba min."

"To ba ga ni ba? Me ya hana ka tambaya?" Ya karkata kai, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana duba. "Babu komai koraa, ko kaɗan. Wuce."

Umarnin babba ne, kuma ƙin bi daidai yake da ce masa ba ka gani. Kassim ya karya kan mota ya fita. Abin da na hango ta kan kafaɗar Baba shi ne lorin doya, ja, ya taho a guje, ya cika min ido gaba ɗaya. Na ƙwalla salati. Kassim ya fizgo sitiyari ya koma bayan mai gishiri, lorin ya wuce da ƙarar oda da iskar da ta girgiza Adaka kamar gwangwani, yaran motar suna auno mana zagi da yaren Twi. Galan ya kife min a ƙafa.

Can Baba ya ce a hankali, "Direbobin yanzu ba su da tarbiyya."

Kassim ya sauka gefen hanya kusa da Ejura, wai injin ya yi zafi. Ya ba Baba buta ya je alwala, ni kuma na ja shi bayan mota na ɗaga ƙofar nan don ta kare mu.

"In ba za ka faɗa masa ba, ni zan faɗa."

"Ki ce wa yayan ubana me? Ya koma baya mace ta zauna a gaba, don shi makaho ne? In ya yi fushi ya ce a mai da shi gida fa, wa zai yi wa Mma magana?"

"To mu zauna, uwata ta haye ruwa muna nan muna ladabi!"

Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya, kuka kuma ya ƙwace min. Na manta cewa abin da Allah ya rage wa Baba a ido ya ƙara masa a kunne.

Ya idar da salla, ya shafa addu'a, ya dawo ya zauna a kujerarsa ta gaba ba tare da ya kalli kowa ba. Raina ya gama ɓaci. Kassim ya tayar da mota, ba mu yi nisa ba muka sake cim ma wani lorin. Sai na ga Baba ya kai hannu ya warware jelar rawaninsa, ya wurgo ta bayan kujera, ta faɗo a cinyata.

"Zuleha, 'yata."

"Na'am, Baba."

"Iskar tagar nan tana dame ni da rawani. Riƙe min. Ki matso bayana sosai, ki zuge taki tagar ki sha iska. In kin ga hanya ta yi sarari, ki ɗan ja shi ki gyara min zamansa."

Na kalli ƙeyarsa. A lokacin na san ya ji duk abin da na ce, kuma bai riƙe ni ba. Na ce, "To, Baba." Na naɗe jelar a hannu, na fitar da kai ta taga. Mota ɗaya ta wuce, sa'annan hanya ta buɗe fetal har inda ido ya tsaya. Na ja.

"Wuce, Kassim!" in ji Baba da muryar da yake raba gardama da ita a masallaci. "Me kake jira?"

Adaka ta yi kururuwa, ta karkace, ta wuce. Haka muka yi ta yi har Atebubu da gaba. In na saki, Baba ya ce, "Dakata, yaro, gaggawar me kake?" In na ja, ya ba da umarni. Sau ɗaya zumuɗi ya sa na ja da ƙarfi har rawanin ya rufe masa ido, ya gyara abinsa ya ce hanyar nan akwai gargada. Kassim bai juyo ba ko sau ɗaya, amma ina ganin kafaɗunsa suna rawa. Ni ma da hawaye a fuskata na sami kaina ina danne dariya. Motar da na raina tun zuwanta, ranar ko tari ba ta yi ba, ruwa kawai take nema mu ba ta ta ci gaba.

Bayan la'asar muka shiga Yeji. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Lorori sun yi layi har bakin ruwa, mutane a ƙarƙashinsu da samansu, ana girki a kan duwatsu, yara suna kuka. Na fita da gudu ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina kiran sunan Kawu. Lorinsu na can gaba, saura kaɗan ya shiga jirgi. Mma tana zaune a gefe kan ƙullin kayanta, ta zuba wa ruwan ido. Ta rame a yini ɗaya.

Tana ganina ta miƙe. "Wa ya kawo ki? Koma gida!"

Da ni kaɗai ce da na juya. Sai ga Baba ya iso, Kassim na riƙe da gefen rigarsa kamar mai kakkaɓe masa ƙura. Mma ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a tsanake, ya tambayi gajiyar hanya, ya gaisa da Kawu Boukari, kamar a zaurensa muke.

Sa'annan ya ce, "Azumi, ina za ki?"

"Gida, Baba. An ce kowa ya tafi garinsu."

"Wane gida? Ranar sunanki ina saurayi, ni na riƙe ƙafar ragon a Tsohon Zongo, bayan masallaci. Tuwon ma bai ji gishiri ba, har yau ina tunawa. In polis ne, su zo su same ni. Ni zan kai ki gaban Sarkin Zongo da ƙafata, in faɗa, in kuma faɗa a duk inda aka ce in maimaita. Yaron nan da kike gudun ja wa, shi ya rufe shago ya biyo ki a cikin wannan akwatin."

Mma ta sunkuyar da kai. "Boukari fa? Shi kaɗai zai tafi?"

Kawu ya share fuska da hularsa. "Yaya, ni na san inda za ni, akwai masu jirana. Ke wa kika sani a can? Tun a hanya nake so in ce ki sauka, bakina ya yi nauyi."

Direbansu ya danna oda, aka fara kiran mutane su hau. Suka riƙe hannun juna, suna neman gafara, suna kuka kamar yara, mu ma muna tayawa. Ba ta ce ta fasa ba, ba ta ce za ta ba. Ni dai ina tsaye ina kallon bakinta.

Kawu ya taka ya hau. Mma ta ɗaga kai ta kalli tulin kayan da ke saman lorin, ta kira yaron motar.

"Kai, sauko min da babbar tukunyar can, baƙar." Ta juyo, ba ta kalle ni ba, ba ta kalli Kassim ba, ta yi maganarta ga iska. "A sa ta a hankali kar ta fashe. Yarinyar nan tana tsammani ban gani ba. In damina ta zo da me za a dafa mata ruwan wankan jego?"

Na rufe fuska da mayafi don kunya, ina kuka ina dariya, Kassim kuwa ya ruga ya ɗaga ƙofar bayan Adaka.