Yaran Aro

Ni Batulu ba na barin magana a ciki, shi ya sa duk wanda ya tambaye ni abin da Hedimasta Maikasuwa ya yi wa 'yan ajina sai na zazzage masa tas.

Makarantarmu tana wani ƙauye ne bayan Roni, inda ɗan acaɓa ke ajiye mutum ya ƙarasa da ƙafa. 'Yan aji biyu nake koyarwa, wasu 'ya'yan manoma, wasu daga rugagen gefen gari. Littafin karatu kuwa, ko na rantsuwa babu a hannun yaro. Da muka zo kan harɗaɗɗun kalmomi sai na bi gida gida na tara sakaina, na rubuta rabin kalma a kan kowace. In ba Hamma "bakan", in ba Shahida "gizo", in tsayar da wani tsakaninsu riƙe da guntun kara, shi ne karan-ɗori. Suna matsowa sai aji ya ɗauka, bakan-gizo! Haka muka yi gashin-baki da ci-rani da faɗa-wuta. Hamma, sarkin tsokana, kullum sai ya lallaɓa da "gashin" ya tsaya kusa da "gizo" don a yi dariya, in bi shi da tsumagiya ina danne tawa dariyar. Kafin gero ya fitar da kai, wallahi yaran nan suna rubuta kalmomin a ƙasa da yatsa ba kuskure.

Sai Hedimasta ya zo da albishir. Wata ƙungiya za ta zo ta ga darasi, in yara sun karanta, kowane yaro zai sami littafi mai hotuna. Na faɗa wa yarana a take, don me zan ɓoye? Shahida, wadda kakarta Inno ke riƙo a ruga, ta tambaye ni ko za a bar ta ta kwana da shi. Na ce mata har ƙarƙashin matashi.

Ranar zuwan baƙi, da sassafe, sai ga bas ta tsaya bayan masallaci. Yara suka yi ta fitowa fes-fes, da fararen safa da jakunkuna. Daga Kazaure aka kwaso su, daga makarantar kuɗi ta ƙanen Hedimasta.

Na sami Hedimasta a ofis. "Ranka ya daɗe, su wane ne waɗannan?"

"Malama, kwantar da hankalinki. Baƙin nan da masu ɗaukar hoto suke tafe. Dubi naki, wani ba takalmi, wani riga a yage, wani ma Hausar sai a hankali."

"Sun iya karatun, Malam! Kai da kanka ka ji su."

"Na ji. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Aro ne na wuni ɗaya. Littattafan nan ofishina za su shigo, baƙi na juya baya naki ne."

Na ce ni kam ba zan tsaya gaban 'ya'yan wasu in yi ƙarya ba. Ko a jikinsa. Ya kira Malam Ukasha na aji huɗu ya miƙa masa kwandon sakainata, ni kuma aka ce in kwashe nawa mu koma gindin tsamiyar bayan makaranta, kada a ji motsinmu.

Can muka zauna kamar masu laifi. Muna jin motocin baƙi suka iso, muna jin aji ya ɗauka, ci-rani! Nawa suka riƙa motsa baki suna bi a hankali. Hamma ya ce, "Malama, namu ne fa suke yi." Na ce ya rufe min baki, don in ya ƙara kalma ɗaya kuka zan yi a gabansu.

Da na ji tafi ya yi yawa na kasa zama, na lallaɓa jikin taga. Shugabar baƙin, wata Hajiya mai tabarau, tana cewa sun gaji da ganin littattafansu a kulle cikin ofisoshin makarantu, gara tana ci. Saboda haka yau hannu da hannu za ta bayar. Ta riƙa kiran yaro, ta tambayi sunansa, ta rubuta da biro a bangon littafi, ta ce ya kai gida ya karanta wa mahaifiyarsa. Na dubi Hedimasta. Gumi har gemu, yana ta murmushin dole yana cewa madalla. Haka aka rabe kwalin littattafan nan kaf a gabansa.

Baƙi na tafiya ya ruga wajen bas, wai a dawo da kaya. Ina! Yara suka ƙanƙame littattafai suka ɓarke da kuka. Malamar da ta rako su ta ce, "Haba Alhaji, da sunayensu a jiki, kuma an ɗauke su hoto da su. Me zan faɗa wa iyayensu?" Direba ya ja mota.

Na tare Hedimasta a bakin ofis, raina a ɓace. "To ranka ya daɗe, ina nawa?"

Ya ce in yi haƙuri, Allah zai kawo wasu baƙin. Haƙuri! Kamar shi ne zai tsaya gaban yaran gobe.

Washegari na shiga aji ban san da bakin da zan fara ba. Kafin in yi sallama Shahida ta taso da gudu. Jiya zazzaɓi ya hana ta zuwa, ba ta san abin da aka yi ba. Ta miƙo min wata 'yar jaka ta baƙin saƙi, ɗinkin hannu, har da maɗauri.

"Malama, Inno ce ta yanka zanenta ta ɗinka min, kada littafina ya yi datti. Ki gwada mu gani ko zai shiga."