Yawu a Bargon Jariri

Da la'asar ne, ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba, indararo na ta ɗiga a bakin shaguna. Auta ya lulluɓe keken ɗinkinsa da tsumma, ya ja ƙofar shago, ya bi gefen titi yana tsallake kududdufai, ya nufi wajen mai sayar da kayan ɗinki.

Auta tela ne, kuma tun yana yaro Allah ya yi shi da ƙyanƙyami. In wani ya sha ruwa a kofi ya miƙo masa, sai ya juya gefen da baki bai taɓa ba. Goggonsa, ƙanwar babansa, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, kuma yanzu tana zaune tare da su, ɗakinta na kallon nasu. Matarsa, wadda yake tsokana da sunan Gimbiya, tana ɗauke da tsohon ciki, na fari. Tun da cikin ya fito Goggo ta ce ita za ta yi wa jariri bargo, irin wanda ake harhaɗa guntayen yadi, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a bi shi da allura da hannu. Auta ya yi murna, ya riƙa kwaso mata ƙyallaye daga shago, farare da jajaye.

Matsalar ba a bargon take ba, yadda ake ɗinka shi ne. Idon Goggo ya yi rauni. Kafin zare ya shiga kafar allura sai ta tsotsi bakinsa, ta gwada, ya ƙi, ta sake tsotsa, har ya jiƙe sharkaf. In ta kai ƙarshen layi ba ta neman almakashi, sai ta kai bargon gaba ɗaya baki ta datse zaren da 'yan haƙoran da suka rage mata. Allurai kuwa a leɓenta suke kwana. Duk inda ta gama, sai ka ga ɗan danshi kamar sawun dodon-koɗi.

Ranar da Gimbiya ta gani da idonta, ta dawo ɗaki tana toshe baki.

"Wallahi ba za a kwantar min da ɗa a kan abin nan ba," ta ce. "Ko ka faɗa mata, ko ni in faɗa."

"Haba Gimbiya, Goggo ce fa."

"Yawun Goggo ba yawu ba ne? Kai da ko cokalina ba ka iya ci da shi?"

Shi ma Auta yana ƙyamar abin. Amma ya san in aka mayar wa Goggo da bargon nan, an mayar mata da duk abin da ya rage mata na amfani a gidan. Shi ya sa ya yanke shawarar ba zai yi magana ba, tsaraba za ta yi masa maganar.

Mai kayan ɗinki yana ganinsa ya washe baki. "Tela sarkin alkawari! Yau zare ne ko maɓallai?"

"'Yan ƙananan abubuwa nake so, na kyauta. Na tsohuwa."

"Tsohuwa ko budurwa? Faɗi gaskiya, ba zan kai wa Madam ba."

Auta ya yi murmushin dole. Mutumin ya zazzage masa kwali a kan tebur. Ya zaɓi ɗan almakashin yanke zare, wanda ake matsawa da yatsu biyu. Ya ɗauki 'yar hular ƙarfe da ake sa wa yatsa don kada allura ta soke shi, da ɗan matashi ja mai siffar tumatir na soke allurai, sai wani ɗan falle na ƙarfe mai siririyar waya a baki, wanda ke jan zare ya shiga kafar allura ba sai an lasa ba. Dukkansu abin da bai taka kara ya karya ba ne, suka shige aljihun gaban rigarsa.

Ya tarar da Goggo a bakin ƙofarta, bargon a cinya, allurai biyu a leɓe.

"Goggo, ga 'yar tsaraba."

Ta zare allurai daga baki, ta goge su a zani, ta karɓa. Ta juya kowanne a tafin hannu tana kai shi kusa da ido.

"Wannan fa, na mene ne?"

Ya durƙusa ya nuna mata. Ya zura wayar a kafar allura, ya sa zare, ya ja, zare ya wuce sumul.

"Ikon Allah," in ji Goggo. "Masu hikima ba su bar komai ba. Allah ya yi maka albarka, Autana."

Ya koma ɗaki da sanyin zuciya, ya ce wa Gimbiya an gama magana.

Ba a gama ba. Kashegari da ya dawo cin abincin rana, ya ji wani ƙas, ƙas daga tsakar gida. Goggo ce ta miƙe ƙafa a tabarma, tana yanke farcen babban yatsanta da ɗan almakashin. Farcen ya yi kauri, ya yi rawaya, wani guntu ya yi tsalle ya faɗa kan bargon da ke gefe. Ta sa hannu ta kaɗe shi.

"Kai, abin nan da kaifi yake! Na daɗe ban samu mai cin farcen nan ba."

Auta ya ce, "Goggo, na zare ne ai."

"Zare kuma? Ina da haƙori zan ɓata ƙarfe mai kyau a kan zare?"

Hular yatsa kuwa ta zama ma'ajin man zafin da take shafa wa gwiwa, ta toshe bakinta da ƙyalle. Matashin tumatir ta ce ya yi kyau da yawa a huda shi, ta ɗora shi a kan akwati yana ado. Da ya tambayi ɗan ƙarfen zura zare, sai ta lalubo shi daga ƙullin zaninta, wayar ta lanƙwashe.

"Ba ya jin magana a allura," ta ce, "amma wajen sakace babu kamarsa. Akwai wani rami a nan baya, shi kaɗai ke isa."

Ta buɗe baki za ta nuna masa ramin. Auta ya ce ana jiransa a shago. Abincin da bai ci ba ke nan ranar.

Abin da ya ƙarasa shi ya faru ne ana gab da gama bargon. Yana zaune kusa da ita, allura ta soki yatsanta, jini ya ɗiga a kan farin ƙyalle. Goggo ba ta ko yi tsaki ba. Ta tara yawu, ta tofa a wurin, ta murza da babban yatsa, ta ƙara tofawa.

"Goggo!"

"Mene ne? Kai tela ne ba ka san wannan ba? Jinin mutum, yawunsa ne ke fitar da shi. Na wani ba ya yi. Duba, ina jinin?"

Jinin kam ya fita. Amma Auta ya ɗaga kai ya ga Gimbiya tsaye a ƙofar ɗaki da kwano a hannu. Ta juya ta saki labule.

Da Goggo ta datse zaren ƙarshe, ta ninke bargon ta ajiye a kan gadonta, ta ce gobe in ta dawo daga ganin likitan ido za ta kai wa Gimbiya da hannunta. Auta ya ga saura ƙiris a yi abin da yake gudu: Goggo ta miƙa, Gimbiya ta kau da kai.

Da safe, Goggo na fita, ya ƙi zuwa shago. Ya ɗora babbar tukunya a wuta. Ya shiga ɗakin Goggo ya ɗauko bargon da yatsu biyu, yana riƙe da shi nesa da jikinsa. Dabararsa ita ce ya wanke, rana ta busar, ya goge, ya mayar kafin ta dawo, kowa ya huta. Ya zuba garin sabulu a baho, ya juye tafasasshen ruwa, ya danna bargon da muciya. A ransa, ruwan sanyi ba zai kashe abin da ya gani ba. Ya bar shi ya jiƙa, ya je ya wanke hannunsa har gwiwar hannu.

Da ya dawo, ruwan bahon ya zama ja kamar an yi yanka a ciki.

Nan take ya tuna. Jajayen ƙyallayen nan ragowar wani yadi ne mai araha da ya yi wa wata mata labule da shi, kuma shi da bakinsa ya gargaɗe ta cewa yana zuba, kada ta kusantar da shi da ruwan zafi. Abin da yake faɗa wa masu kawo ɗinki kullum, shi ne ƙyama ta goge masa daga kai.

Ya tsamo bargon yana ƙona yatsu, ya ɗauraye, ya sake ɗaurayewa. Ina! Fararen ƙyallayen duk sun rine, wani wuri ja-ja, wani wuri kamar ruwan wankin nama, da dabbare-dabbare. Audugar ciki ta dunƙule gefe guda. Ya shanya shi a igiya yana ɗigar da jan ruwa a siminti.

Gimbiya ta fito, ta dafa ƙugu, ta dube shi, ta dubi igiya. "Tela guda," ta ce a hankali. "Ai da ka tambaye ni."

Goggo ta shigo da azahar, idanunta na hawayen maganin da aka ɗiga mata. Ta tsaya a gaban igiya. Ta matsa kusa har hancinta ya kusa taɓa bargon, ta bi shi da kallo daga wannan gefe zuwa wancan. Ta kama wani farin ƙyalle da ya rine, ta murza, ta saki, ta goge yatsunta a zani kamar ta taɓa kashin kaji.

"Wa ya yi wannan ƙazantar?"

"Ni ne, Goggo. Na ce in ɗan wanke..."

"Da ruwan zafi."

"E."

"Don me?"

Auta ya sunkuyar da kai. Goggo ta dube shi, ta dubi Gimbiya, sannan ta gyaɗa kai a hankali.

"Au, tsarabar nan ma ashe magana ce. Ni na ɗauka kyauta ce." Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Da bakin nan na tauna maka abinci kana jariri, Auta. Ba ka mutu ba."

Kunya ta rufe Auta da jin haka.

Gimbiya ce ta matso. Muryarta ta sauko. "Goggo, ki bar shi haka. Tunda an wanke, ni zan karɓa. Jariri ina ruwansa da launi? Abin da zai yi a kai ma ya fi wannan."

"Ke za ki karɓa, ni ba zan bayar ba. Jikana ba zai kwanta a kan abin da ya yi kama da tsumman mahauta ba. Mutane su zo barka su ce wa ya yi wannan? A ce ni?" Ta tofar da yawu gefe. "Duk farin nan sai na cire shi, in sa sabo. In na gama ni zan wanke, da ruwan sanyi da gishiri, a gabanki, ki gani da idonki. In haihuwa ta riga ni, ku naɗe shi a tawul."

"To, Goggo," in ji Gimbiya.

Goggo ba ta sake sakar wa Auta fuska ba ranar. Da ya kai mata abinci, ta ce a ajiye a nan.

Washegari da hantsi bargon ya bushe, ya yi tauri. Auta ya fito zai tafi shago, ya gan ta a tabarma da tsohuwar reza, tana neman bakin ɗinki. Ɗinkin nata ƙanana ne, a matse, ga jan launi ya haɗe zare da yadi. Sai ta kai reza, yadin ya tattare, ta rasa wurin. Ta lasa yatsa ta shafa layin don ya kwanta, ta sake gwadawa. Rezar na wucewa dab da yatsanta.

Auta ya tsaya da makullin shago a hannu. Ya dubi wurin da ta lasa, yana ƙyalli a rana. Ya sa makullin a aljihu, ya tuɓe takalmi, ya zauna a ɗaya gefen tabarmar. Ya kama bargon da hannu biyu, daidai wurin danshin, ya ja shi ya miƙe, har zaren ya fito fili ɗaya bayan ɗaya.

Goggo ba ta ɗago ba. Ta sa reza, zare ya ce ɗas, na gaba ma ya ce ɗas.

"Ja sosai," ta ce. "Hannu kamar na mai jego."