Wurin da Ba Ya Zafi

Tela mutum ne mai tsoron allura. E, kun ji daidai. Ya tsufa yana soka ta a yadin mutane, amma ranar da likita ya ce kullum zai riƙa yi wa kansa ta insulin saboda ciwon sukari, sai da aka yi masa fifita.

Ana nan sai yanar ido ta rufe masa idon dama. Ɗinki ya fara karkacewa, masu kawo yadi suka koma shagon gaba. Likitan ido ya ce ba zai yi masa aiki ba sai sukarinsa na safe ya sauko. Shi kuwa sukarin, kullum aka ɗiga jini a na'ura kafin karyawa, yana can sama ya miƙe ƙafa.

Matarsa ta rage masa abincin dare, ta ɓoye gwangwanin madara. Likita ya ƙara masa awon magani, ya kuma ƙarawa. Shiru.

"Ni zan ƙara da kaina," in ji Tela.

"Ƙara mana, Maigida. In ka kife a kan keken ɗinki, sai in ce wa likitan ido ya huta."

Ta tasa shi gaba har asibiti. Wata nas ta ji bayaninsu kaf, ta ce, "Baba, ɗaga riga in ga inda kake yi."

Ya ɗaga da alfahari. Gefen cibiya ga wani kullutu kamar rabin ƙwai.

"Nan ne wurina, 'yar nan. Ni na gano shi. Ko cizon sauro ya fi shi zafi."

"Kullum nan?"

"Kullum. Ina dalili in je neman ciwo?"

Nas ta danna wurin da yatsa. "Baba, ai naman ya yi kanta, shi ya sa ba ka ji. Maganin shiga yake ya zauna, kaɗan ke isa jini."

"Ashe ajiya kake yi," in ji matar. "Ni kuma ana hararata a kan madara."

Aka ce ya ƙyale kullutun ya huta, ya riƙa zagayawa, yau cinya, gobe ɗaya gefen ciki. Likita ma rage masa awon ya yi, don sabon nama shanyewa zai yi duka, kada sukarin ya faɗi warwas.

Ranar farko a cinya, ihun da ya yi sai da maƙwabciya ta leƙo tana tambayar wa ya rasu. Amma ya daure, yana yi yana tsinewa. Sannu a hankali sukarin safe ya sauko ya zauna inda ake so, likitan ido ya sa masa rana.

A hanyar gida Tela ya riƙa tsayar da mutane, yana ce musu su ajiye yadinsu yana nan dawowa, kuma shi da kansa ya gano matsalar. Matar tana bayansa riƙe da ledar magani, ta ƙyale shi. Mutum yana ɗingishi da cinya biyu, ai a bar masa wannan.