Guntun Goron Inna Hamsatu

Ranar Juma'a, ana masallaci, aka shiga ɗakin ajiyar ubangidan mijina, Elhaji Kalla, da ke zaurenmu aka kwashe batiran sola. Ba a fasa ƙofa ba, kuma makulli yana hannun mijina Abarci. Kafin la'asar jandarma sun tafi da shi.

Shugabansu ya ce mini, "Rahinatu, kar a taɓa komai. Gobe masu bincike za su zo daga Maradi. Ko yawun ɓarawo suka samu, akwai na'ura a Yamai mai ajiye shaidar jinin waɗanda aka taɓa kamawa, ADN ake ce mata. Sai a gwada."

Da safe na tafi kai wa Abarci fura. Ina dawowa na tarar da uwar mijina, Inna Hamsatu, ta share ɗakin tas, ta wanke moɗar da ɓarawon ya sha ruwa da toka, har da turaren wuta!

"Inna! Me kika yi?"

"Baƙi za su zo tun daga Maradi, su iske mu cikin ƙazanta? A ce da mu me?"

Wallahi don dai suruka ce. Na zauna bakin ƙofa ina kuka.

Mai binciken mace ce, Madam Nuriyya. Ta duba, ta shaƙi turare, ta dafe kai. Inna kuwa ko a jikinta, baƙo ai sai da goro. Ta kwance bakin mayafi, ga guntu an gatsa rabi.

"Yi haƙuri ɗiyata, ba wannan ba. Wannan tsintarsa na yi bayan ƙofa. Goro da tsadar nan, wa zai zubar?"

Madam ta daka tsalle. "Inna, kin ci?"

"Da wane haƙori? Sai na daka."

Da ƙyar ta saki, aka sa shi a leda.

Mako uku muna jira. Sakamako ya nuna wani maƙerin makulli da aka taɓa kamawa kan satar babur. Ya amsa laifinsa, aka sako Abarci.

Daga ofishin jandarma bai zame ko'ina ba sai kasuwa. Ya shigo da ƙullin farin goro, ya durƙusa gaban uwarsa, ya miƙa mata. Inna ta shafa kansa. Sannan ta ɗauki ɗaya ta jujjuya.

"Wannan dai ba wanda ya ciza, ko? Kar su zo su karɓe mini."