Ƙusa a Gurbin Fis

Asogba ya sa hannu a aljihun rigarsa yana neman tsinken sakace, sai ya taɓo fis na wutar mota. Ya ciro shi ya ɗora a tafin hannu. Sabo fil, babba, na amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti.

Gurbin wannan fis ɗin yana cikin motar Dosu, dab da batir. Motar Dosu kuwa ta bar bakin shagon Asogba na haɗa kayan sautin mota a Kwatano awa guda da ta wuce, ta nufi garin Abome da mutum shida a ciki, suna bin motar da ta ɗauki gawar mahaifiyar Dosu.

Da sassafe Dosu ya zo masa, sanye da ankon jana'iza. Ya ce rediyon da motar ta zo da shi daga kamfani kukan sauro yake yi, shi kuma ba zai shiga garinsu da gawar uwarsa kamar ɓarawo ba. So yake a ji gangar tun daga bayan gari. Asogba ya yi aikin da ya shekara ashirin yana yi. Rediyon kamfani ba shi da kafar amfilifaya, sai ya ɗebo sauti daga wayoyin lasifikar baya. Ya girke wufa, babbar lasifika mai rugugi, a but. Ya huda ƙarfe ƙarƙashin sitiyari, ya ja jar waya mai kaurin yatsa daga batir har baya. Wajen gwaji ya cusa ƙusa a gurbin fis, kamar yadda maigidansa ya koya masa, don kada a yi ta ƙone fis a banza. Kiɗa ya tashi, Dosu ya yi tsalle, aka kira shi aka ce an fito da gawa. Ya rufe bonet da hannunsa ya ja mota.

Fis yana ƙonewa ya ceci mota, ƙusa kuwa ba ruwanta. In jar wayar nan ta taɓa jikin ƙarfe, ja za ta yi kamar garwashi tun daga gaba har but. A but ɗin kuma, da idonsa ya ga Dosu ya jingina jarkar fetur biyu da akwatin wufa.

Ya kira wayar Dosu sau tara. Tana shiga, ba a ɗauka. Wa zai ji kukan waya cikin wannan rugugin? Shi da kansa ya haɗa abin da ya toshe musu kunne.

Gbenu, ɗan acaɓan da ke fakewa a inuwar shagonsa, yana kwance bisa babur ya rufe fuska da hular kwano. Asogba ya buge ƙafarsa.

"Tashi, hanyar Abome."

"Abome? Fofo, babban yaya, da wannan tumbin naka? Babur ne fa, ba tirela ba."

"Mutum shida za su ƙone. Tayar!"

Gbenu ya dubi fuskarsa, ya tashi ya tayar da babur.

Suka kutsa cunkoson Godome, suka wuce Kalavi. Duk hayaƙin da Asogba ya hango a gaba sai ya ɗauka motar ce, in sun iso ya tarar bola ce ake ƙonewa, ko mai gasa masara. Yana riƙe da fis ɗin a dunƙule har ya yi masa shaida a tafi.

Kafin su ga motar suka ji ta. A Alada ne, wajen masu abarba. Ƙasa tana amsa ganga, dum, dum, masu talla suna rawa da tire a ka. Ayarin ya tsaya gefen titi, ga motar Dosu da hoton tsohuwa manne a gilashi, lafiyarta ƙalau. Asogba ya sauka tun babur bai gama tsayawa ba.

"Kashe! Buɗe bonet!"

Dosu ya juyo da abarba biyu a hannu, yana washe baki. "A'a, injiniya! Ka biyo mu jana'iza? Kai ɗan halak ne. Ka ji aikinka? Tun Kwatano ake ɗaga mana hannu."

"Na ce buɗe."

Asogba ya cire kan batir, ya sa filaya ya zaro ƙusar, ya danna fis a gurbinsa, ya mai da kan batir. Bai ɓoye ba, ya ɗaga ƙusar a gaban idon Dosu.

"Wannan na manta a motarka. Laifina ne."

"Ƙusa? Don ƙusa ɗaya ka ƙone mai tun daga Kwatano? Ai ga shi tana aiki." Dosu ya yi dariya ya juya wajen matarsa. "Sena, kin ji mutumin kirki. Ba shi abarba."

Motar gawa ta yi ham, kowa ya koma mazauninsa. Kiɗa ya sake tashi. Asogba ya tsaya da abarba a hannu yana jin kamar wawa. Wataƙila da sun kai Abome sun dawo ba abin da ya faru.

Dosu ya ja mota zai hau kwalta. Bakin titin ya zaizaye, tayar gaba ta daki gefen, motar ta girgiza. Kiɗan ya ɗauke ɗif.

Ya fito yana kumfar baki. "Ka gani? Ka gani? Abu yana aikinsa lafiya, ka taso takanas ka kashe mini shi! Uban wa ya aiko ka? Yanzu da me zan shiga gari?"

Asogba ya buɗe bonet. Ya duba fis ɗin, ya yi baƙi. Ya sake cire kan batir, ya kwanta ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ya jawo jar wayar a hankali. Daidai inda ta ratsa hujin da ya yi, bakin ƙarfen ya ci robar har tagulla ta fito, ga tabon wuta a jiki. Gaggawa ce ta sa bai naɗe wurin ba.

"Zo ka gani."

Dosu ya leƙa. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago sai ya dubi but, ya dubi kujerar baya inda 'ya'yansa mata uku suke zaune da gwaggonsa. Sena ta fito, ta buɗe but, ta sauke jarkokin nan ta ajiye su can nesa da mota.

"To... a gyara mana," in ji Dosu, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba ni da wani fis. Ko ina da shi, yau ba zan mai da wayar nan ba. Rediyon kamfani yana yi. Ranar Litinin ka kawo ta in yi aikin kamar mai hankali."

Gwaggon ta leƙo ta taga, tana cire audugar da ta toshe kunne da ita. "Ɗana, kai ka kashe abin nan? Ubangiji ya yi maka albarka. Tun Kwatano haƙoran da suka rage mini ke kaɗawa. Ita marigayiyar ma ko rediyo aka ƙure sai ta yi faɗa."

"Tanti, don Allah," in ji Dosu.

"Don Allah me? Ja mu tafi, tana jira."

Asogba ya cire jar wayar daga batir gaba ɗaya, ya naɗe bakinta, ya mai da kan batir. Aka juye jarka ɗaya a tanki, ɗayar aka ba motar baya. Ayarin ya tashi, ɗan kiɗa siriri yana fita ta tagar Dosu.

Asogba ya zauna a kan benci wajen mai abarba, ya miƙa mata tasa ta fere. Gbenu ya tayar da babur.

"Fofo, mu koma, rana tana yi."

"Kashe ka zauna ka sha abarba," in ji Asogba. "Gaggawar yau ta isa haka."